Darasi na 6: Yadda ake raba babban buri zuwa aikin yau da kullum

Duk lokacin da sabuwar shekara ta kama, mutane da yawa sukan ɗaukar wa kansu alkawari, wani ya ce bana sai ya iya karatu, wani ya ce sai ya yi tanadi, amma kafin a je ko'ina zancen ya bi ruwa. Dalili kuwa shi ne, shekara wata 12 ce, kuma wanda ya ga yana da wata 12 a gabansa kullum gani yake da sauran lokaci. Saboda haka a wannan darasi za mu bar zancen shekara, mu kama aikin yini ɗaya.

Mataki na farko

Ku buɗe littafin rubutunku, ku nemi sabon shafi, wato wanda ba a rubuta komai a kansa ba. A layin da yake can sama, ku fara daga hagu, ku rubuta burinku guda ɗaya tak. Misali: "Ina so in iya karanta wasiƙa da kaina." Idan rubutun bai miƙe ba, kada ku damu, hannu zai faɗa a hankali.

Mataki na biyu

A nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, don haka ku natsu sosai. Ku tsallake layi ɗaya, sannan ku rubuta ƙaramin aikin da za ku yi yau, kuma dole ne jimlar ta faɗi abu 3: aikin, yawansa da lokacinsa. Misali: "Zan karanta layi 3 da ƙarfe 8 na dare." Karatu shi ne aikin, layi 3 shi ne yawansa, ƙarfe 8 kuma shi ne lokacinsa.

Sau da yawa nakan duba littafin ɗalibi in tarar ya rubuta "Zan dage da karatu." Niyyar tana da kyau, Allah ya cika buri, amma ina yawan, ina kuma lokacin? Idan dare ya yi, ta yaya zai san ko ya dage ko bai dage ba? Ku ɗora yatsa a kan jimlarku, ku nemi lamba. Idan babu lamba a ciki, ku goge ku sake. Wani kuma yakan sa lambar, amma sai ya rubuta shafi 10, alhali jiya da ƙyar ya kai ƙarshen layi 2. Ku rage, ku ƙara ragewa, har aikin ya zama wanda za ku iya yi ko a ranar da kuka dawo a gajiye. Layi 3 a kullum ya zama layi 21 a mako, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Ina sake faɗa, domin na san gobe wasu za su kawo mini jimla ba lamba: aikin, yawansa, lokacinsa. Ku manya ne, kuna riƙe da gidaje da sana'o'i, bai kamata abu 3 su gagare ku ba. Wanda ya yi gaggawar wuce wannan mataki, kansa ya cuta.

Mataki na uku

Ku ja ƙananan akwatuna 7 a ƙasan shafin, kowace rana da nata. Ranar da kuka yi aikin, ku sa alama a akwatinta. Idan wata rana ta kuɓuce muku, ku bar akwatin haka nan, washegari ku ci gaba ba tare da ninka aikin ba.

Mataki na huɗu

Idan akwatuna 5 ko fiye suka sami alama, ku ƙara layi ɗaya a mako mai zuwa. Idan ba su kai ba, ku rage. Kowa ya zo da littafinsa a zama na gaba.