Litinin da Alhamis: mu fita da tsari

Assalamu alaikum 'yan uwa. A shekarar 2020, lokacin cutar korona, gwamnatin Kano ta sassauta dokar kulle a ranakun Litinin da Alhamis, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Ga abin da na gwada ya yi mini amfani, da shawarar da na bayar a lokacin.

Ku rubuta cefanen tun da daddare, mutum ɗaya ya fita daga kowane gida. A layinmu gida huɗu muka haɗa kuɗi, matashi ɗaya ya je kasuwar 'Yankaba ya sayo tumatir da tattasai da albasa a kwando, muka raba. Ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan sayen kashi-kashi, kuma mutum uku sun tsira daga cunkoso. Abin da ya yi yawa a yanka a shanya, zafin ranar nan zai busar da shi. A fita da wuri, don daga azahar turmutsitsi ake yi, ga azumi a baki.

Masu hawan jini da ciwon suga, maganinku kafin cefane. Ku sayi na wata guda in da hali.

A lokacin takunkumin rufe baki da hanci dole ne, ko na atamfa mai ninki biyu wanda telan unguwa zai ɗinka. Da an dawo a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa yara.

Don Allah kada a aiki dattawa, su cutar ta fi kayarwa. A leƙa gidajen marayu da masu ɗan aikin yini, kuma duk wanda ya san gidan da ba a ɗora tukunya ba ya sanar da mai unguwa ko kwamitin masallaci. Mai zazzaɓi da tari ko sarƙewar numfashi ya zauna a gida, a kira jami'an lafiya.