Kurakuran da ɗalibai ke yi wajen binciken safarar amfanin gona

Da zarar lokacin rubuta kundin kammala digiri ya kama, sai ka fara ganinsu a Kwanar Gafan da Kadawa da Kura, yankin noman tumatir a jihar Kano, samari da 'yan mata daga jami'o'in Kano da Dutse da Kafin Hausa, kowa da fayil a hammata. Sun zo binciken yadda kaya ke tashi daga gona har su isa hannun mai saye. Ni ɗan yankin Garun Malam ne, na sha yi musu jagora cikin kasuwa, kuma kusan duka wuri ɗaya suke tuntuɓe.

Tun daga take ake fara ɓata rawar da tsalle. Ɗalibi ya rubuta zai binciki matsalolin safarar kayan gona a Najeriya, alhali 'yan watanni gare shi, kuɗin motarsa ma da ƙyar zai kai shi Wudil ya dawo. Ka ɗauki kaya ɗaya da hanya ɗaya: tumatir daga Kadawa zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, ko riɗi daga Maigatari zuwa Dawanau. Sai ka lissafa duk hannun da kayan ke bi, tun daga mai tsinka, ɗan dako, dillali, ɗan kamasho, direba, har mai kasawa a bakin titi.

Babban ramin shi ne takardar tambayoyi. Ana tsara ta da Turanci a ɗakin kwana, a kwafo salon daga tsohon kundi, a zo ana fassarawa a tsaye. Na taɓa raka wani yaro wurin wani dattijo yana tsaka da ban ruwa. Ya karanta masa jimla mai tsawo kan rashin ingancin sufuri, sannan ya ce, "Baba, ka yarda, ko ka yarda ƙwarai, ko ba ka yarda ba?" Tsohon ya dube shi, ya dubi injinsa da ke shan mai, ya ce, "Ɗan nan, wadda ta yi maka daɗi rubuta." Ya kuwa rubuta, kuma na tabbata ta shiga lissafi. Gyaran ba wuya. Ka tambayi mutum abin da ya faru, ba ra'ayinsa ba. Ranar tsinkar ƙarshe kwando nawa aka tashi da shi? Wa ya saya? Kuɗi hannu ne ko sai mota ta dawo daga Kudu? Nawa ya ruɓe kafin a loda? Irin wannan manomi zai ba ka amsarsa har da ranar kasuwar da abin ya faru. Rubuta tambayoyin da Hausa tun farko, ka gwada su a kan mutum biyar kafin ka buga ɗari.

Kada kuma ka faɗa kasuwa kamar an jefo ka. Fara da mai unguwa ko shugaban kasuwa, ka bayyana cewa karatu ne. In ba haka ba wasu za su ɗauke ka ɗan haraji su rage maka adadi, wasu su zaci sunayen masu tallafi kake ɗauka su ninka maka asara.

Sai ma'auni. Kwando ba kilo ba ne, kuma cikar da ake yi wa na Legas daban da ta wanda za a sayar a nan gida. Tiya da buhu ma haka. Wanda ya rubuta farashin kwando a garuruwa biyu ya kwatanta ba tare da ya ɗora ko ɗaya a sikeli ba, iska ya auna. Ari sikeli, auna kwanduna goma, ka kuma rubuta ƙarfe nawa aka yi cinikin, domin farashin hantsi ba shi ne na la'asar ba idan rana ta fara dafa kaya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake yanke wa dillali hukunci tun kafin a gan shi. Kusan kowane kundi yana ƙarewa da shawarar a kawar da 'yan tsakiya. To, wa ya ba manomin bashin iri da taki da man ban ruwa? Wa ya san wanda zai karɓi kayan a Legas, ya kuma tsaya masa idan mota ta kwana biyu a hanya? Ba na ce duk dillali waliyyi ne ba, akwai masu yanka ba wuƙa. Amma kafin ka soke la'adarsa, bi kuɗin baya-baya kamar yadda ka bi kayan gaba, ka ga inda bashi da amana suke riƙe da harkar.

Lokaci ma yana kayar da mutane. Tumatirin yankinmu na rani ne, da ruwan madatsar Tiga ake yin sa, kasuwarsa tana cika ne da sanyi zuwa farkon zafi. Wanda ya zo da damina labari kawai zai tarar. Idan kuma za ka jera farashin shekaru, ka san abin da ya faru a cikinsu. A 2016 tsutsar da ake kira Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir har masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta tsaya don rashin kaya. A 2023 an yi ƙarancin takardun naira, sannan aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya tashi. Ba za ka haɗa waɗannan da sauran shekaru ka fitar da matsakaici kamar ba komai ba.

Akwai kuma masu ƙin leƙa sashen da ba nasu ba. Ɗan harkar kasuwanci yana ganin ba ruwansa da tsangayar noma. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Matsalar ciniki ce, amma a rumbu da shago ta fara, kuma sai mai ilimin sinadarai zai fayyace maka ita. Ka je ka zauna da ɗan sashen noma ya nuna maka abin da zafi da danniya ke yi wa tumatirin ƙasan kwando, ɗan labarin ƙasa ya zana maka taswirar hanyar.

Wani ɓangaren kayan ma a cikin gida yake bi. Mata ne ke turara shinkafa, da yawansu kuma suna yanka tumatir su shanya kauɗa idan kasuwa ta faɗi. Namiji baƙo iyakarsa zaure. Nemi abokiyar karatu ta shiga ta yi sallama, ta zauna a tabarma ta yi tambayoyin, kai kuma ka tsaya wa nata aikin a tashar lodi.