Yadda Ake Gano Sojan Da Aka Bai Wa Tsohuwar Lambar Yabo Ta Jamus

Duk wanda ya saba da lambobin yabo na sojan Ingila, in ta Jamus ta zo hannunsa, sai ya yi ta jujjuya ta yana neman suna. Ba zai gani ba. Ingilawa sukan buga sunan soja da rundunarsa a gefen lambar, Jamusawa kuwa ba sa yi. Gicciyen ƙarfen nan da suke kira Eisernes Kreuz, wanda Sarki Friedrich Wilhelm na Uku ya ƙirƙiro a 1813, an raba mai daraja ta biyu wajen miliyan 5 a Yaƙin Duniya na Ɗaya kaɗai, duk kamarsu ɗaya. Don haka ƙarfen shi kaɗai ba ya kai mutum ga mai shi, sai da takarda.

Fara da tantance abin da ke hannunka. Shekarar da ke ƙasan gicciyen ita ce zamaninsa: 1870, 1914 ko 1939. Na 1914 yana da harafin W da kambin sarauta, a bayansa kuma FW da 1813. Kara maganaɗisu a tsakiyarsa; na asali galibi yakan kama. Kada ka sa masa man goge ƙarfe, wannan dusashewar ma shaida ce.

Sai ka duba zoben da ake zura ƙyalle. Wani lokaci akwai 'yan haruffa ko lamba, kamar 65 a kan na 1939. Nan mutane da yawa suke tuntuɓe, su ɗauka lambar sojan ce. Tambarin maƙera ne kawai, 65 ɗin na kamfanin Klein & Quenzer ne da ke Idar-Oberstein.

Yanzu ga babban aikin. Zazzage akwatin da lambar ta zo a ciki, ka tambayi wanda ya sayar maka ko ya ba ka: a ina ya samo, da me da me suka zo tare? Abin da kake nema shi ne takardar shaida, Besitzzeugnis, mai ɗauke da suna, muƙami, runduna da ranar bayarwa. In da littafin soja, Militärpass ko Soldbuch, ka gama rabin tafiya. Hoto mai rubutu a baya ko katin wasiƙa daga fagen daga ma kada ka raina. Akwai kuma ƙarfen shaida da ake ratayawa a wuya: daga 1915 ana buga suna da ranar haihuwa da gari a kai, na Yaƙi na Biyu kuwa ba suna, sai runduna da lamba, wani lokaci da rukunin jini. Rubutun hannun zamanin, Kurrent ko Sütterlin, har Bajamushen yau yana shan wuyarsa, sai ka ɗauki hoto mai kyau ka nemi wanda ya iya. Ni dai ba abin da ke ɓata mini rai kamar dillalin da zai raba lamba da takardarta don ya ci riba biyu, ya bar ƙarfe ba suna har abada. Akwai kuma masu haɗa takardar wani da lambar wani, ka lura ko shekarun sun dace.

In suna ya samu, ka shiga jerin Verlustlisten na 1914 zuwa 1919, inda aka buga waɗanda suka mutu, suka ji rauni, suka ɓata ko aka kama. Ƙungiyar CompGen ta zuba sunaye sama da miliyan 8 a intanet, kyauta. Wanda ya mutu a yaƙi, nemi kabarinsa a shafin Volksbund, ƙungiyar da ke kula da kaburburan sojojin Jamus.

Daga nan sai ka san ko sojan wace jiha ne, don sa'arka a nan take. Takardun rundunar Prussia sun ƙone a Potsdam cikin Afrilun 1945, kaɗan suka tsira. Na Bavaria suna nan a ma'ajiyar tarihin yaƙi ta Munich, har an ɗora su a Ancestry, shafin binciken asalin zuri'a a intanet. Na Württemberg suna Stuttgart, na Baden suna Karlsruhe. Sojan Yaƙi na Biyu kuwa, ka rubuta wa Bundesarchiv, ma'ajiyar tarihin ƙasar Jamus, a Berlin, wadda ta gaji takardun WASt, ofishin da ke riƙe bayanan sojojin, a 2019. Ba su suna, ranar haihuwa da rubutun ƙarfen wuya harafi da harafi. Ana biyan kuɗi, amsa kuma takan ɗauki watanni.

In ba takarda ko ɗaya, saura ƙofa guda. Hafsoshi sukan jera lambobinsu a maƙale wuri ɗaya, kuma littattafan Rangliste suna lissafa lambobin kowane hafsa. Idan jerin naka ya haɗa wasu da ba kowa ke da su ba, misali lambar mulkin mallaka ta 1912 mai ɗan ƙarfe da aka rubuta Kamerun, mutanen da za ka bincika sun ragu sosai, tunda hafsoshin da suka yi aiki a Kamaru ba su da yawa. Gicciye ɗaya tilo kuwa, ka rubuta inda ka same shi da ranar a ɗan kati, ka ajiye su tare.