Yadda ake magance jinkirin fita daga Windows da furofayil ɗin da ya ƙi sauka

A shagunan buga takardu na Aboabo da Asawase a Kumasi, da ɗakunan kwamfuta na makarantun zango, kwamfuta guda mutane da yawa ke hawanta, kowa da asusunsa. Ƙorafin da ake yawan ji shi ne an danna Sign out, allo ya tsaya yana juyawa minti biyu ko uku, har mai jiran layi ya ƙosa ya danne maɓallin wuta. Wannan dannewar ce ke mayar da ƙaramar matsala babba.

Kowane asusu yana da furofayil, wato tarin fayiloli da saitunansa, kuma daga cikinsu akwai fayil mai suna NTUSER.DAT a cikin C:\Users\sunan asusun, inda saitunan mai shi ke zaune. Da ya shiga, Windows zai ɗora fayil ɗin cikin rajista, wato ma'ajiyar saitunan Windows, ƙarƙashin HKEY_USERS. Da ya zo fita, sai a rubuta canje-canje a sauke shi. To idan wata manhaja tana riƙe da shi ba ta saki ba, dole Windows ya jira. Idan kuma aka kashe na'urar da ƙarfi a daidai lokacin rubutun, ko dumsor ya ɗauke wuta, fayil ɗin na iya lalacewa, washegari mutum ya shiga ya tarar da tebur fayau kamar sabon asusu. Aikinka shi ne ka gano mai riƙon kafin ka taɓa komai.

Mataki na 1: sa Windows ya faɗi inda yake tsayawa

Danna Windows da R, rubuta regedit, ka je HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Policies\System. Ƙirƙiri DWORD mai suna VerboseStatus ka ba shi 1. Daga nan, maimakon allon da bai cewa komai, za ka riƙa ganin matakin da ake ciki. Lura da rubutun da ya fi daɗewa a allon, ka rubuta lokacin a takarda.

Mataki na 2: karanta littafin aukuwa

Shiga da asusun mai gudanarwa, buɗe eventvwr.msc, sai Windows Logs, sai Application. Nemo abubuwan da suka faru a lokacin da ka rubuta, masu tushe User Profile Service. Lamba 1530 na nufin Windows ya tarar ana amfani da fayil ɗin rajista, ya sauke shi da ƙarfi. Kada ka tsaya a kanun saƙon, ka gangara ƙasa: a nan ake jera sunan manhajar da ke riƙe da shi da hanyar fayil ɗinta. Wannan layin shi ne rabin gyaran.

Sai dai 1530 guda ɗaya jefi-jefi ba abin tashin hankali ba ne, kwamfuta mai ƙoshin lafiya ma tana fitar da ita. Abin dubawa shi ne suna guda da ke maimaituwa a kowace fita. Idan ka ga 1511, an riga an jefa mutumin cikin furofayil na wucin gadi. 1508 kuma na nufin rajistar ta ƙi ɗoruwa. Duba ma 6005 da 6006 masu tushe Winlogon. Ta biyun tana faɗin daƙiƙa nawa wani sashe ya ci kafin ya amsa.

Idan sunan da ka gani svchost.exe ne, bai gaya maka komai ba tukuna, domin hidimomi da dama ke fakewa a ƙarƙashinsa. Sai ka wuce mataki na gaba.

Mataki na 3: ware mai laifi

Buɗe msconfig, shafin Services, sa alama a Hide all Microsoft services, sannan Disable all. A Task Manager ka kashe duk abin da ke Startup. Yi Restart, ba Shut down ba, saboda Fast Startup yana ajiye wani ɓangare na tsohon zama ya dawo da shi. Gwada shiga da fita. Idan ya yi sauri, kunna rabin hidimomin ka sake gwadawa, ka ci gaba da rabawa biyu har ka kama ta.

Waɗanda aka saba kamawa su ne riga-kafin ƙwayoyin cuta guda biyu a na'ura ɗaya, manhajar firinta da ke sa ido kan tawada, da tsohuwar manhajar modem da ta zo da kwamfutar daga hannun mai ita na farko. Na'urorin gwanjo ba kasafai ake wanke su da kyau kafin sayarwa ba. Maganin shi ne sabuntawa ko cirewa baki ɗaya. Riga-kafi dai guda ɗaya ya isa.

Za ka ga ana shawartar saka UPHClean, manhajar da ke taimaka wa furofayil ya sauka. An yi shi ne don zamanin Windows XP da Server 2003. Daga Vista aikinsa ya shiga cikin Windows. Kada ka sa shi a 10 ko 11. Haka rage WaitToKillServiceTimeout ko kunna AutoEndTasks, saituna biyu na cikin rajista: yana gaggauta rufewa ne ta hanyar yanke manhaja kafin ta gama ajiya, mai buga takardar makaranta bai gode maka ba.

Mataki na 4: duba faifai

Buɗe Command Prompt a matsayin mai gudanarwa, rubuta chkdsk C: /f, amsa Y, ka yi Restart. Bayan nan DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, wanda ke buƙatar intanet, sai sfc /scannow. Idan faifan mai juyawa ne kuma Task Manager na nuna shi a 100% kullum, sauya shi da SSD.

Mataki na 5: idan an riga an faɗa furofayil na wucin gadi

Gargaɗi mai asusun tukuna: duk abin da ya ajiye a wannan zaman zai goge da ya fita, ya kwashe shi a filasha. Kafin ya fita, rubuta whoami /user a Command Prompt don samun lambarsa mai farawa da S-1-5-21. Shiga da asusun mai gudanarwa, je HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\Microsoft\Windows NT\CurrentVersion\ProfileList, ka yi Export na ProfileList ɗin don ajiya. Sau da yawa za ka ga lambar sau biyu, ɗaya da .bak a ƙarshe. Canza sunan marar .bak ya ƙare da .old, cire .bak daga ɗayar, tabbatar ProfileImagePath na nuna ainihin babban fayil ɗin mutumin, ba C:\Users\TEMP ba. Mayar da State zuwa 0, da RefCount idan akwai shi, ka yi Restart.

Idan hakan bai yi ba, NTUSER.DAT ɗin ya lalace ke nan. Buɗe sabon asusu, shiga sau ɗaya ka fita, sannan ka kwafo Desktop, Documents, Downloads da Pictures daga tsohon. Kada ka kwafo NTUSER.DAT, da shi cutar za ta biyo. Tsohon furofayil kuma ta sysdm.cpl ake share shi, Advanced, User Profiles, Settings, Delete, domin share babban fayil ɗin da hannu yana barin lambarsa a ProfileList ta sake haifar da furofayil na wucin gadi.