Besbol da fantasin kullum: nasiha ga sababbin zuwa Bronx

Ƙannena da kuka sauka bana, idan zuwanku ya faɗo tsakanin Afrilu da Satumba, kun tarar da gari a lokacin besbol. Ƙungiyoyi 30 ne a babbar gasar, kowace tana buga wasa 162 kafin a shiga zagayen ƙarshe a Oktoba, wato kusan kullum akwai wasa. Filin ƙungiyar Yankees yana nan Bronx, a birnin New York, bakin titi na 161, jirgin ƙasa mai lamba 4 ta gefensa yake wucewa. Ku koyi wasan. Abokan aikinku 'yan Dominika da shi suke kwana, da shi suke tashi, kuma wanda ya iya taya su hirar wasan jiya ya fi saurin samun mai riƙe masa aiki ranar Juma'a ya je masallaci. Kallon wata guda ya wadatar, ba wata wahala a ciki.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne manhajojin fantasi na kullum, wato wasan da kake haɗa jerin 'yan wasa na gaske a waya ka ci maki gwargwadon abin da suka yi a fili, irin su DraftKings da FanDuel, da nake ta gani a wayoyin yaranmu masu kai abinci a keke. Da yawanku kun yi fantasin Firimiya tun a gida, a Kano ko Kumasi ko Yamai, kuna ganin duk abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Na Firimiya kyauta ne, kakar wasa guda ake yi ana raha da abokai. Wannan kuwa kuɗin shiga ake biya yau, daren yau a gama, gobe a sake biya.

Bari in faɗa muku yadda ake zaɓen 'yan wasan, don kada wani ya ruɗe ku da cewa yana da sirri. A DraftKings ana ba ka kasafin ƙarya na dala 50,000 ka haɗa mutum goma: masu jifa biyu, masu bugu takwas, kowa da farashinsa. Masana suna fara duba mai jifa, suna neman wanda yake yawan fitar da masu bugu ba tare da sun taɓa ƙwallo ba, don kowace fitarwa maki biyu ce, kuma wannan hali ba ya yawan canzawa daga wasa zuwa wasa. Daga nan sai su tara masu bugu huɗu ko biyar daga ƙungiya ɗaya, waɗanda suke bin juna a jerin bugu, su ɗora su a kan mai jifa mai rauni. Dalilin a bayyane yake: idan na uku ya fitar da ƙwallo daga fili alhali na ɗaya da na biyu suna kan tushe, wato wuraren da mai bugu yake tsayawa kafin ya kammala zagaya fili, bugu ɗaya ya ba ka maki a wuri uku. Suna fifita waɗanda ke saman jeri, don sun fi samun damar riƙe sanda. Suna duba hannu, domin mai bugu bahago yakan fi jin daɗin mai jifa da hannun dama. Suna duba fili: na Coors da ke Denver yana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,600, iska ba ta da nauyi, ƙwallo tana tafiya nesa, shi ya sa farashin masu bugu yake tashi duk ranar da za a buga a can. Suna duba ruwan sama, don wasan da aka ɗage sifili ne. Kuma ba sa rufe zaɓinsu sai ƙungiyoyi sun fitar da sunayen waɗanda za su buga, sa'o'i kaɗan kafin a fara, lokacin da kai kana kan keke da ledar abincin wani a bayanka.

To, duk wannan da na lissafa, kowa ya san shi. Babu sirri ko ɗaya a ciki. Kuma ko ka bi shi daidai, besbol wasa ne da gwanin gwanaye yake kuskure sau bakwai cikin goma. Ɗan wasan da ka kashe masa dala 6,000 na kasafinka zai iya tashi babu ko maki ɗaya, kuma ba abin mamaki ba ne a wurin masu kallo. Waɗanda kake karawa da su a manyan gasanni mutane ne masu kwamfuta da lissafi, ana barin mutum ɗaya ya shigar da jeri har 150, kai kuwa da guda ɗaya ka zo. Wani nazari da aka wallafa a 2015 kan rabin farko na kakar besbol ta shekarar ya gano cewa kashi 91 cikin ɗari na ribar ya tafi hannun kashi 1.3 na masu wasan. Kamfani kuma yana cire kasonsa daga kuɗin shiga kafin a raba komai. Kallon kitse kuke yi wa rogo.

Jihar New York ta halatta wasan a 2016, bayan babban lauyan jihar ya nemi dakatar da shi a ƙarshen 2015 yana cewa caca ce. Dokar ta kira shi wasan ƙwarewa. Mu dai mun san hukuncin wanda ya sa kuɗi don ya ci na wasu a kan abin da bai san ƙarshensa ba, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ba ta ɓoye komai ba. Wannan tsakaninku da malamanku ne. Ni abin da na gani da idona zan faɗa, wato yadda abin yake shiga cikin takardu.

Ba a buɗe asusu sai an tantance kai wane ne, da suna da adireshi da lambar soshiyal, wato Social Security Number, lambar shaidar da gwamnatin Amurka take ba mutum don aiki da haraji. Sabon zuwa da bai samu tasa ba sai ya je wurin kawu ko yaya ya ce, "Don Allah a ara min, wani ɗan abu zan yi rajista." Mu kuma mutanen kunya ne, ba ma iya ce wa ɗan 'yar uwa a'a. Akwai wani dattijo da muke sallah sahu ɗaya, direban tasi, mutumin da bai san ma yadda ake ƙirga makin besbol ba. Yaron da ya sauka a ɗakinsa ya buɗe asusu da sunansa, ya ci wani kuɗi mai ɗan kauri sau ɗaya, sannan ya yi ta mayar da shi a wasu wuraren har ya ƙare. Amma ribar da ta kai wani adadi ana kai rahotonta hukumar haraji ta IRS a takarda mai lamba 1099, kuma sunan mai asusu take ɗauka. Dattijo ya cike harajinsa yadda ya saba, bai sa komai ba don bai san da komai ba. Can bayan lokaci wasiƙa ta iso. Ni na karanta masa ita a cikin motarsa, yana riƙe da sitiyari da hannu biyu kamar muna tafiya, alhali a tsaye muke, yana ta maimaita, "Ni? Caca? Ni?" A lokacin yana tsakiyar neman kawo iyalinsa, kuma takardar ɗaukar nauyi ta I-864 sai an haɗa ta da bayanin haraji. Lauya ya ce ba za a tura komai ba sai an gyara. Ya biya abin da ake bin sa, ya biya lauya, matarsa da yara suka ƙara zaman jira a gida. Yaron kuwa ya riga ya koma wata jiha.

Saboda haka, lambar soshiyal ba a arar da ita, ko ga ɗan cikinka. Kai kuma sabon zuwa, kada ka roƙa. Ka tuna wanda kake roƙo shi ne ya tarbe ka a filin jirgi.

Sai maganar gidan haya. Masu gidaje a New York sun saba neman kuɗin shigarka na shekara ya ninka hayar wata sau 40, kuma suna karɓar bayanan asusun banki na 'yan watanni. Duk dala ashirin da ka tura wa manhaja da ƙarfe shida na yamma tana nan a rubuce da sunan kamfanin, layi bayan layi. Mai gida ba zai gaya maka dalilin da ya sa ya zaɓi wani ba. Haka nan takardar neman zama ɗan ƙasa, N-400, tana tambaya ko ka taɓa yin cacar da doka ta hana. Manhajar da ke da lasisi ba ta cikin wannan, amma mutumin da yake karɓar kuɗi a bayan shagon aski yana rubutawa a littafi yana ciki. Dokar kuma ta jiha ce: abin da ya halatta a nan, a jihar Washington da ke yamma ko Idaho ko Hawaii bai halatta ba, kuma wayarka tana nuna inda kake.

Jama'armu a nan ba su gina abin da suka gina da sa'a ba. 'Yan Zango daga Gana, mutanen Maraɗi da Damagaram, 'yan Najeriya, da adashi suka kama ɗakunan da suka zama masallatai, da karo-karo ake biyan kuɗin jana'iza idan an yi rashi. Abin yana ɓata min rai in ga yaron da bai cika wata shida ba yana ba ni uzurin cewa ba shi da kuɗin zubin adashi, alhali na ga abin da yake latsawa a waya.

Idan sha'awar wasan ce da gaske, ESPN da Yahoo suna da fantasin besbol na kakar wasa guda, kyauta. Ku haɗu ku goma ko goma sha biyu, ku sa abokan aikinku biyu a ciki su koya muku, ku yi rabon 'yan wasa a watan Maris kafin a buɗe gasa. Duk dabarun da na faɗa a sama suna aiki a can, kuma ba wanda zai tambaye ku lambar soshiyal.