Yadda na yi maganin tsoron hawa sama da tabaran VR

Shekara biyu ina aikin sola, amma kullum ni ne mai riƙe tsani. Da na taka mataki na biyar sai gwiwa ta fara kaɗawa, tafin hannu ya jiƙe sharkaf. Abin da ya cece ni tabaran VR ne, wanda in ka ɗaura a fuska sai ka tsinci kanka a saman bene alhali kana tsaye a kan tabarmar ɗakinka.

Dabarar ta daɗe. Tun 1995 Barbara Rothbaum ta Jami'ar Emory a Amurka ta gwada ta a kan ɗalibai. A 2018 Daniel Freeman na Jami'ar Oxford ya gwada da mutum 100, zama kamar shida na minti 30 cikin mako biyu, a benen kwamfuta mai hawa goma, har da ceto kyanwa daga reshen bishiya. Tsoron waɗanda suka sa tabaran a cikinsu ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku.

Da farko share ɗaki. Kawar da tebur da fanka mai tsayuwa, ka sa wani ya zauna kusa. In kana da farfaɗiya ko ciwon zuciya, sai likita ya yarda tukuna.

Fara daga hawa na ɗaya na benen da ke cikin tabaran, ko da kana ganin raini ne. Ranar farko abokina ya jefa ni wani wasa mai katako a hawa na 80, wai a yi ta ta ƙare. Durƙushewa na yi ina salati, na fizge tabaran, mako guda ko kallon tsani ba na son yi.

Ga inda aikin yake. Tsaya bakin baranda, ka auna tsoronka daga sifili zuwa goma, ka faɗa da baki. Nawa bakwai ne. Kada ka rufe ido, kada ka dafa bango, leƙa ƙasa sosai ka ga motocin. Zuciya za ta yi ta dukan uku-uku, jiki na cewa gudu. Ka daure, domin in ka cire tabaran a daidai nan ka koya wa ƙwaƙwalwa cewa gudun ne ya tsirar da kai. Ni sai da na yi kusan minti goma bakwai ɗin ya sauko uku, har na fara jin gundura. Gundurar nan ita ce izinin hawa na gaba.

Jiri da tashin zuciya daban ne, tabaran ke jawo su. In sun zo, zauna ka huta, gobe ma rana ce.

Duk hawan da ka ci a tabarau, ka biya shi a zahiri cikin makon. Na fara da gadar masu tafiya da ƙafa, sai mataki shida na tsani, maigidana na riƙe min. Yanzu ina ɗaura farantin sola a kan kwanon gida, da bel a ƙugu. Bene mai hawa biyu kuwa har yau yaran shago nake turawa.