Gubar sitiriknin: yadda ake gane ta da abin da ya kamata a yi

Jama'a, a kula da wannan gubar da ake zubawa a nama don kashe karnuka, ɓeraye da diloli. Daga ƙwayar itacen Strychnos nux-vomica na Indiya take fitowa. Farin gari ce marar wari, mai ɗan karen ɗaci.

A cikin lakar ƙashin baya akwai sinadarin gilisin da ke taka wa jijiyoyi birki. Wurin zamansa gubar take toshewa, sai naman jiki ya yi ta ɗaurewa ba sassauci. Idan mutum ya ci ta, cikin minti 15 zuwa 30 za ka ga haƙora sun datse, wuya ya sandare, baya ya lanƙwashe kamar baka. Ido biyu mutum yake, yana jin duk azabar, kuma nan ta bambanta da farfaɗiya. Ciwon tetanus kuwa, wanda shi ma yake sandarar da jiki haka, a hankali yake shigowa cikin kwanaki.

Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Hakan na iya tayar da wata jijjigar, abin ya faɗa huhu. Ƙarar ƙofa, hasken tocila, ko taɓa shi kawai sun isa su tayar da ita. Don haka a kore masu leƙe, a rufe tagogi, a ɗauke shi a hankali zuwa asibiti tare da ragowar abin da ya ci.

Ba ta da makari. A asibiti allurar diyazefam, maganin kwantar da jijjiga, ake yi ta jijiya, a sanyaya jiki saboda zafin da ke hawa, a ƙara ruwa don kare ƙoda, a taimaki numfashi, domin ta nan take kisa. Wanda ya wuce awa 24 galibi yakan tashi.